Tsohuwar manhajar jadawalin lissafi ta taminal: ta ina za a fara gyaran gini da tsabtace kod?

"Assalamu alaikum, Malam. An danƙa mini kula da wata tsohuwar manhajar jadawalin lissafi da ke aiki a cikin taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu. Da harshen C aka rubuta ta, kuma da laburaren ncurses take zana allo. A tsohuwar kwamfutata tana haɗuwa lafiya lau, amma da na gwada da sabon GCC, wato kwamfailar da ke mayar da kod ya zama manhaja, sai ta ƙi, kurakurai suka yi ta zubowa. Makefile ɗinta, wato fayil ɗin da ke gaya wa shirin make yadda za a gina ta, ya cakuɗe, ba ta da gwaji ko ɗaya, kuma wani lokaci takan mutu idan aka buɗe babban fayil na CSV, wato tebur a rubutu da ake raba filayensa da waƙafi. Shin in koma tsarin gini na CMake ne, ko in sake rubuta ta daga tushe da wani harshe? Ta ina ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, cututtuka uku ka lissafa, wato ƙin haɗuwa, rashin gwaji da mutuwar ba-zata, sannan ka kawo magunguna biyu kana tambaya wanne za ka sha. A ganina babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace ya zo farko. Sauya Makefile da CMake ba zai taɓa ko layi ɗaya na kod ɗin da kwamfaila ke ƙi ba, sake rubutu daga tushe kuwa yana bukatar ka san ainihin yadda tsohuwar ke lissafi, kuma ba ka da hanyar sanin haka tunda babu gwaji. Abin da nake bi a irin wannan aiki shi ne a fara da gyara gini har ya riƙa faɗin gaskiya, a biyo da gwajin da zai kama duk wani sauyi a sakamakon lissafi, daga nan ne kawai za a sa hannu cikin kod ɗin kansa.

Yana da kyau ka san gidan da manhajarka ta fito. Jadawalin lissafi na kwamfuta ya samu karɓuwa ne da VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 don Apple II, sai Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983. A duniyar Unix kuwa akwai sc, wanda James Gosling ya fara rubutawa a farkon shekarun 1980, tun kafin ya ƙirƙiro harshen Java, kuma daga gare shi ne sc-im ya tsiro. Manhajojin wannan zuriya kusan siffa ɗaya gare su: nahawun fomula da aka rubuta don yacc (shirin da ke mayar da nahawu ya zama kod na C), bishiyar lissafi a kowane gurbi, babban tebur na manunai (adireshi a ƙwaƙwalwar kwamfuta) zuwa guraben, da zagaye guda da ke karɓar maɓalli ya sake zana allo. An rubuta yawancinsu da ɗabi'un C na kafin ƙa'idar 1989, lokacin da kwamfaila ke kawar da kai daga abubuwa da yawa. Saboda haka kurakuran da kake gani sun daɗe a cikin kod ɗin. Kwamfaila ce ta daina rufa musu asiri.

Dalilin da ya sa ta ƙi haɗuwa

Sauye-sauye uku ne a GCC suka fi karya tsofaffin manhajoji. A GCC 10 na shekarar 2020 aka mayar da -fno-common ya zama tsarin asali. Idan an ayyana ma'ajin gama-gari a cikin fayil na .h ba tare da kalmar extern ba, a da mahaɗin kod yakan dunƙule duk kwafin su zama ɗaya ya yi shiru, yanzu kuwa sai ya ce an ayyana abu ɗaya sau da yawa. Gyaran shi ne a sa extern a fayil na .h, a ayyana ma'ajin sau ɗaya tak a fayil na .c guda. A GCC 14 na 2024 aka mayar da wasu tsofaffin gargaɗi suka zama kurakurai, musamman kiran fankishan da ba a gabatar da shi ba, da cakuɗa manuni da lamba, da miƙa manunin da bai dace da nau'in da ake jira ba. Clang, wata kwamfailar dabam, ya riga shi yin haka ga kiran da ba a gabatar ba tun fitowa ta 16. Sai GCC 15 na 2025, wanda ya koma bin ƙa'idar C23, inda bool da true da false suka zama keɓaɓɓun kalmomi, kuma baka biyu marasa komai a ciki suke nufin fankishan ba ya karɓar komai. Tsohon kod da ya ƙirƙiri nasa bool, ko ya gabatar da fankishan da bakan wofi sannan ya kira shi da kaya a ciki, nan take zai tsaya.

Akwai tutoci, wato zaɓuɓɓukan da ake ba kwamfaila a layin umarni, da za su lallaɓa ta ta bar ka ka wuce, irin su -fcommon da -fpermissive da -std=gnu17. Ka yi amfani da su a ranar farko, domin kana bukatar manhaja mai aiki da za ka ɗauki sakamakonta ka ajiye. Amma kada biyun farko su zauna. Ɗauki misalin kiran da ba a gabatar ba: kwamfaila takan ɗauka fankishan ɗin cikakkiyar lamba yake dawowa da ita. Idan a zahiri manuni ne, a kwamfuta mai bit 64 za a iya yanke rabinsa, manhaja ta mutu. Idan kuwa lamba mai ɗigo ce, za a karanto amsar daga inda ba a ajiye ta ba, gurbi ya nuna adadin da ba shi ne ba, kuma babu abin da zai yi ƙara. A jadawalin lissafi wannan na biyun ya fi muni, domin wanda manhaja ta mutu a hannunsa ya san an samu matsala, wanda aka ba jimla ta ƙarya kuwa zai ɗauka ya tafi da ita. Shi kuwa -std ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi a sarari a cikin Makefile, don kada sauyin kwamfaila na gaba ya zo maka ba sallama.

Makefile ya isa, idan an gyara shi

Stuart Feldman ya rubuta make a 1976, kuma har yau ya ishi manhaja mai fayiloli talatin ko arba'in da laburare ɗaya ko biyu. Abin da ke lalata tsofaffin Makefile sananne ne. Na farko shi ne jerin dogaro da aka rubuta da hannu, wanda ya daɗe da saɓa wa gaskiya: ka sauya tsarin gurbi a fayil na .h, make ya sake harhaɗa rabin fayiloli ya bar rabi, manhaja ta fito da fahimta biyu game da girman abu ɗaya. Alamar wannan cuta ita ce mutane sun saba cewa "share komai ka sake gini" duk lokacin da abu ya rikice. Ka goge wannan jeri, ka ba kwamfaila tutocin -MMD da -MP ta riƙa rubuta shi da kanta, ka jawo fayilolin .d da take fitarwa cikin Makefile.

Na biyu shi ne rubuta -lncurses kai tsaye. A wasu tsarukan Linux an ware wani ɓangare zuwa laburaren tinfo, kuma ga haruffan da suka wuce na Turanci ncursesw ake bukata. Ka bar pkg-config ya gaya maka tutocin da suka dace da kowace kwamfuta. Haka nan ka bar wa mai gini damar sa nasa CC da CFLAGS da LDFLAGS, ka ware tutocin da manhaja ba ta haɗuwa sai da su a wani ma'aji dabam, ka kuma mutunta PREFIX da DESTDIR wajen girkawa. Masu shirya kunshin manhaja na Debian ko FreeBSD da waɗannan suke aiki, kuma idan babu su sai sun yi wa Makefile ɗinka faci kafin su iya ɗaukar manhajar.

Na uku ya keɓanta da manhajoji masu yacc, kuma ya taɓa cinye mini yini guda. Gini yakan yi nasara sau da dama, sannan ya faɗi sau ɗaya da kuskuren da ba shi da kai, a sake gwadawa ya wuce. Ashe yacc fayiloli biyu yake fitarwa a gudu ɗaya, na .c da na .h, an kuma rubuta su a layi ɗaya na doka. Ga make, wannan layi dokoki biyu ne masu zaman kansu, don haka idan aka yi gini da -j, tutar gudanar da ayyuka da yawa tare, yakan tayar da yacc sau biyu a lokaci guda, kowanne yana rubutu a kan na ɗan'uwansa, wata kwamfaila kuma tana karanta fayil ɗin da bai kammala ba. GNU make 4.3 na 2020 ya kawo alamar &: don a ce fayilolin tare suke fitowa, sai dai macOS har yanzu da make 3.81 yake zuwa, wanda bai san ta ba. Doka mai alamar % a sunayen fayilolin biyu tana magance matsalar a tsoho da sabo, domin ita make yana ɗaukarta gudu ɗaya. Fayilolin da yacc ke fitarwa kuma kada ka ajiye su a rumbun git, inda ake adana tarihin sauye-sauyen kod.

Ba na cewa CMake ko Meson ba su da rana. Idan manhajar ta tara zaɓuɓɓuka da yawa, kamar karanta xlsx da zana hoto da harshen rubutun umarni, kowanne da laburarensa da za a iya kunnawa ko kashewa, to Makefile zai cika da sharuɗɗa har ya gagari karatu, kuma a nan Meson ya fi sauƙi a wurina. Amma ƙaura daga Makefile mai tsabta aikin yamma ɗaya ne, daga cakuɗaɗɗe kuwa kwashe cakuɗar kawai za ka yi zuwa sabon gida.

Gwaji kafin gyara

Nan ne zuciyar aikin. Jadawalin lissafi yana da wata falala da yawancin manhajojin allo ba su da ita: ainihin aikinsa shi ne karɓar guraben da aka cika ya fitar da ƙimomi, kuma ana iya duba wannan ba tare da allo ba. Ka samar wa manhajar hanyar gudu marar allo, wadda za ta karanta fayil, ta yi lissafi, ta zubo ƙimar kowane gurbi a matsayin rubutu, ta fita. Wataƙila ma tana da irin wannan hanya a ɓoye. Sannan ka tara ƙananan fayilolin gwaji, ka gudanar da tsohuwar manhajar a kansu, ka ajiye abin da ta fitar. Gajeren rubutun shell da umarnin diff mai kwatanta fayiloli sun isa su zama make check, wato umarnin gudanar da gwaji.

Ka lura cewa abin da kake ajiyewa shi ne halin manhajar na yau, har da inda take kuskure. Idan ka ga sakamako mara kyau, ka yi masa alama ka bar shi tukuna, domin kana son duk bambancin da zai bayyana gobe ya zama wanda ka yi da gangan. Wani kuskuren ma mutane sun gina aikinsu a kansa. Lotus 1-2-3 ya ɗauki 1900 a matsayin shekara mai 29 ga Fabrairu, alhali ba ta da ita, Excel kuma ya riƙe wannan kuskure da gangan don fayiloli su dace, kuma yana nan har yau.

Wuraren da suka fi cancantar gwaji su ne inda adireshin gurbi ke motsi. Ka cusa sabon layi a tsakiyar zangon da ake tarawa ka ga ko fomula ta faɗaɗa. Ka goge ginshiƙin da wata fomula ke nuni gare shi. Ka kwafi fomula mai $A$1 da mai A1 ka tabbatar ta farko ta tsaya ta biyu ta matsa. Ka gwada tsallakawa daga ginshiƙin Z zuwa AA, da rabawa da sifili, da gurbin da ke nuni ga kansa ta hanyar wasu gurabe biyu. A CSV ka gwada filin da ke ɗauke da waƙafi ko sabon layi a cikin alamar zance, da alamar zance da aka ninka, kamar yadda RFC 4180 na 2005 ya bayyana. Sai gwajin da na fi so: buɗe fayil, ajiye shi, sake buɗe abin da aka ajiye, a ga ko ƙimomi sun tsaya yadda suke. Wannan yakan fallasa manhajar da ke ajiye lamba da gurabe shida kacal bayan ɗigo, alhali lambar IEEE 754 mai bit 64 tana bukatar har lambobi 17 kafin ta dawo daidai. Yakan kuma fallasa matsalar saitin yanki, domin strtod da printf, masu karanta lamba da rubuta ta, suna bin saitin kwamfuta, a Jamus ko Faransa kuwa waƙafi ne ke raba lamba da gutsurenta, sai fayil ɗin da aka ajiye a can ya ƙi karantuwa a wani wuri. Fayil ya riƙa amfani da ɗigo a ko'ina, saitin yanki ya tsaya ga abin da ake nunawa a allo.

Mutuwar da take yi a kan babban fayil

Ban ga kod ɗinka ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, amma zargina yana kan wurare uku. Akwai ma'ajin layi mai ƙayyadadden girma da ake cikawa da strcpy ko sprintf ba tare da auna tsawo ba. Akwai teburin gurabe da ake faɗaɗawa da realloc alhali wani sashe na kod yana riƙe da manuni zuwa tsohon wurin. Akwai kuma lissafi mai kiran kansa, inda gurbi na dubu hamsin ya dogara da wanda ke samansa, shi ma haka har zuwa na farko, sai tarin kiraye-kiraye ya cika ya zube. Ba sai ka yi ta canki-canki ba. Ka gina manhajar da -g da -fsanitize=address,undefined, ka buɗe fayil ɗin, za a nuna maka layin da ɓarnar ta auku da layin da aka ware ma'ajin. Abu ɗaya da kan rikita mai farawa shi ne rahoton yakan fito a hargitse, ko ya ɓace, saboda ncurses na riƙe da taminal a lokacin. Ka sa log_path a cikin ASAN_OPTIONS don rahoton ya tafi fayil.

Bayan ka toshe wannan rami, ka nemi 'yan'uwansa. AFL++ ko libFuzzer za su yi ta jefa wa mai karanta CSV da mai warware fomula gurɓatattun bayanai dare da rana, kuma a tsohon kod na C ba su cika daɗewa ba kafin su samo abin da zai kashe shi. Duk fayil ɗin da ya kashe manhaja ka mayar da shi cikin gwaje-gwajenka.

Daga nan ka kunna -Wall da -Wextra. Gargaɗi za su zo da yawa, kuma kuskure ne a bi su kan mai uwa da wabi a zama ɗaya. Ka ɗauki nau'i ɗaya, ka gyara shi a duk fayiloli, ka gudanar da gwaji, ka ajiye a git, sannan ka ɗauki na gaba. Ka fara da -Wformat-security, domin yana kama wani aibi da ya addabi wannan irin manhaja musamman: miƙa rubutun gurbi kai tsaye ga printw, fankishan ɗin ncurses mai buga rubutu a allo, a matsayin tsarin bugawa. Alamar % ba baƙuwa ba ce a jadawalin lissafi, kuma ranar da wani ya rubuta ta a gurbi ya bi ta da harafin s, printw zai je neman rubutun da ba a ba shi ba. Gyaran bai wuce sa "%s" a gaba ba. Ka yi hattara da gargaɗin kwatanta lamba mai alama da marar alama, domin a nan ne garin neman gira ake rasa ido: tilasta nau'i don kawai a rufe bakin kwamfaila yakan mayar da -1 ya zama ƙatuwar lamba. Tutar -Werror kuwa, mai mayar da gargaɗi ya zama kuskure, ta tsaya a injin gwajinka, kada ta shiga ginin da jama'a ke yi, tunda kowace sabuwar kwamfaila da sabon gargaɗinta take zuwa.

Akwai aibin da babu tutar da za ta nuna maka shi. Na taɓa rubuta kalmar "ƙididdiga" a kan wani ginshiƙi, sai na ga duk abin da ke damansa a wannan layi ya ja baya da gurbin harafi ɗaya. Harafin ƙ, kamar ɗ da ɓ, bayit biyu yake ci a UTF-8 amma gurbi ɗaya yake ci a allo, manhajar kuwa da strlen, mai ƙirga bayit, take auna faɗi. Da na ƙuntata ginshiƙin, sai ta yanke wata kalma a tsakiyar harafi, shara ta bayyana. Maganin shi ne kiran setlocale tun farkon shiri, haɗawa da ncursesw, da auna faɗi da wcwidth, wanda ya san cewa harafin Sinanci gurbi biyu yake ci, wasalin da ake ɗorawa a kan harafi kuma ba ya cin komai.

Raba injin lissafi da allo

Babban gyaran tsari guda ɗaya da ya cancanci wahalarsa shi ne injin lissafi ya daina sanin akwai allo. A tsofaffin manhajoji za ka tarar fankishan ɗin rabawa yana zana saƙon kuskure da kansa a layin sama, mai karanta fayil kuma yana motsa alamar gurbin da ake kai. Ga dabarar da nake amfani da ita: ka ware fayilolin da kake ganin su ne injin, ka yi ƙoƙarin haɗa su da ƙaramin shirin gwaji ba tare da ncurses ba. Mahaɗin kod zai lissafo maka sunan duk abin da ya rasa, wannan jeri kuwa shi ne aikin da ke gabanka, ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, injin ya riƙa dawo da kuskure ga wanda ya kira shi. A hanya ka sa static a kan duk fankishan da ma'ajin da fayil ɗaya kaɗai ke amfani da su, nan take kwamfaila za ta fara nuna maka waɗanda babu mai kiran su, ka goge.

Tsarin sake lissafi ka bar shi zuwa ƙarshe. VisiCalc layi-layi ko ginshiƙi-ginshiƙi yake bi, shi ya sa fomular da ke nuni ga gurbin da ke gabanta takan bukaci a sake lissafi. Lotus 1-2-3 ya zo da bin tsarin dogaro, a lissafa kowane gurbi bayan waɗanda yake jira. Idan taka tana zagaye teburin sau da yawa har ƙimomi su daina sauyawa, za ka iya mayar da ita ga jeranta dogaro da hanyar Kahn ta 1962, wadda ke gano zagayen nuni a kyauta kuma ba ta bukatar kiran kai. Sai dai wannan sauyi yana iya canja sakamakon fayilolin da ke da zagayen nuni da gangan, don haka sai gwaji ya yi ƙarfi.

Game da kamannin rubutu, clang-format zai daidaita shi, amma ka yi shi a ajiya guda da ba ta ɗauke da wani gyara, ka sa lambarta a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs don tarihin kowane layi kada ya ɓace. Ajiyoyi ƙanana masu manufa ɗaya su ne ke ba git bisect damar nuna maka ajiyar da ta lalata abu. Ka kuma sa injin gwaji ya riƙa gini da GCC da Clang, a Linux da macOS, da ɗaya daga cikin BSD idan ya samu.

Sake rubutu da Rust ko Go zai kawar da yawancin kurakuran ma'aji, wannan gaskiya ne, kuma idan ka tarar kod ɗin ƙarami ne, masu amfani da shi kaɗan, ba zan hana ka ba. Amma ba zai gaya maka yadda fomula za ta kasance bayan an goge ginshiƙi ba, kuma fayilolin gwajin da ka tara su ne kaɗai za su shaida cewa sabuwar ta gaji tsohuwar.

Iyakar wannan hanya ita ce gwaji marar allo ba ya ganin allo. Zai wuce lafiya alhali alamar gurbi tana ɓacewa idan an gangara ƙasa, ko zane ya wargaje idan an sauya girman taga. Ana iya rage wannan giɓi da tmux, shirin sarrafa tagogin taminal: a tayar da manhajar a taga mai ƙayyadadden girma, a aika mata maɓallai da send-keys, a ɗauko abin da ke allo da capture-pane a kwatanta. Irin wannan gwaji yana da saurin karyewa kuma yana bukatar jinkiri tsakanin maɓallai, don haka nakan tsaya a kan kaɗan: buɗewa, rubutu a gurbi, gangarawa, ajiyewa da fita. Sauran, kamar siginar SIGWINCH da ke zuwa idan an ja gefen taga, da tabbatar da an kira endwin ko da manhaja ta mutu don kada a bar mutum da taminal marar nuna abin da yake bugawa, da hannu nake duba su kafin kowace fitarwa, a taminal biyu ko uku mabambanta.